Iyakar Zafi

Litinin, ƙarfe tara na safe

Sun dakatar da Yaya. Manaja bai ce dakatarwa ba, cewa ya yi ya je gida ya huta har a gama bincike. Jakar kayan aikinsa na nan ƙarƙashin benci a ɗakin haɗa injina, ba wanda ya taɓa ta. Da na shigo ofis kowa ya sami abin kallo a kwamfutarsa. Abokin aikina Dogo ne kaɗai ya ce mini ina kwana, shi ma ƙasa-ƙasa.

Ba zan rubuta abin da ya faru a gonar da Yaya ya kafa wa inji ba. Na ga hotunan a wayar direba, ya isa.

Litinin, bayan an tashi aiki

Lauyan kamfani ya riƙe ni a ofishin Manaja. Ya ce, "Injiniya, yi mini bayani kamar kakarki kike yi wa."

Na ce masa injin ƙyanƙyasar ƙwai muke ƙerawa, wannan ya sani. A cikin kowane inji akwai 'yar kwamfuta, kuma tana da harshenta, ƙaramin harshe namu na kanmu, ni nake kula da shi tun da wanda ya ƙirƙira shi ya bar aiki. Masu kafa inji irin su Yaya su ke zuwa gona su rubuta mata umarni: zafi kaza, laima kaza, juya ƙwai lokaci kaza. A harshen, kowace lamba ana ba ta suna. Akwai wani suna da ke zuwa da injin tun daga nan, `iyaka`. Shi ne zafin da in aka wuce shi, inji zai yanke wuta ya yi jiniya.

Ya ce, "To me ya hana shi yankewa ranar?"

Na ce wataƙila an canza lambar.

"Ana iya canzawa?"

Na ce a harshenmu ba sunan da ba a iya canzawa. Duk wanda ya rubuta `iyaka = 60`, shi ke nan, ta zama sittin, inji ba zai ce uffan ba.

Lauya ya ajiye birosa ya dubi Manaja. Manaja ya dubi fanka.

Talata, bakwai na safe

Na san abin da ya faru, ko ba a nuna mini rubutun ba. Laima Yaya yake nufi. Yana son ya ce iyakar laima sittin, ya ba ta sunan da ya fara zuwa bakinsa, bai san ya taka na zafi ba. Kowa zai iya yin haka. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kafa inji, kaza ɗaya ba ta taɓa yin tari a hannunsa ba.

Rubutun na hannun Lauya, ya ce ba mai gani sai ranar zama.

Na kira Yaya. Bai ɗauka ba.

Talata, lokacin cin abinci

Na shiga wurin Manaja na ce ina so in ƙara wa harshen abu ɗaya: hanyar da za a kafe lamba, ta zama ana karanta ta amma ba a canza ta. Ya ce nawa ne aikin. Na ce mako biyu. Ya ce in yi, amma kada kowa ya ji a waje.

Ban gaya masa ɗaya dalilin ba. In na gama, zan bi da duk rubutun da masu kafa inji suka taɓa yi ta cikin sabon harshen. Duk wanda ya taɓa `iyaka` zai fito fili. In suka yi yawa, ba za a ce laifin mutum ɗaya ba ne.

Laraba, huɗu na yamma

Yini guda ni da Dogo muna musun kalma. Shi yana son `dindindin`. Na ce kafin mutum ya gama buga ta a tsaye cikin ɗakin kaji, da waya a hannu ɗaya, ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ya ce to `tsaye`. Na ce muna da `tsaya` da ke kashe mota mai juya ƙwai, harafi ɗaya ne tsakaninsu, so kake mu sake wani? Bai kamata in ce "sake wani" ba.

Mun tsaya a kan `kafe`. `kafe iyaka = 38.5`. Gajere ne, kuma ba ya kama da komai.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Na biya gidan Yaya. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Matar Yaya ta amsa gaisuwata tana shanya, ko juyowa ba ta yi ba. Da ta juyo kuwa, kallon hadarin kaji ta yi mini. A wani lokacin da na yi dariyar yadda abin ya dace.

Yaya ba ya nan. Inna ta ce tun safe yake fita, kamar mai zuwa aiki, don kada maƙwabta su tambaya.

Ta ce, "Auta, ba ke kika kai shi wurin nan ba?"

Na ce ni ce.

"To ke za ki fito da shi. Ke kika san harshensu."

Na ce ina kan yi, Inna. Ta ce ta sani. Ta ci gaba da tsintarta, tana jefar da masu kyau tare da tsakuwa, ba ta lura ba.

Juma'a, goma na safe

Sabon harshen ya fara aiki. Na rubuta `kafe iyaka = 38.5`, a ƙasa na rubuta `iyaka = 60`, na tura wa injin gwaji. Ya ƙi karɓa. Na sake turawa sau da yawa don kawai in ga yana ƙi.

Da ma a wurin loda rubutu cikin inji na sa shi ya duba, ba sai inji na cikin aiki ba. Gara ya ƙi mutum yana tsaye a gabansa, da ya tsaya da ƙwai a ciki ba kowa a kusa.

Juma'a, uku na rana

Dogo ya karya shi cikin minti kaɗan. Ya buɗe ƙaramin sashe a cikin rubutun, ya sa wa wata sabuwar lamba suna `iyaka` a ciki, ta rufe ta waje, inji ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Kin kulle ƙofa kin bar taga, Injiniya."

Na toshe. Suna in an kafe shi, ba mai sake amfani da shi ko'ina, ko a ciki ko a waje.

Sai ya kawo na biyu. Jadawalin zafi na kowace rana, wanda jerin lambobi ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Na kafe sunan, amma ana iya shiga ciki a canza lamba ta biyar ko ta goma. Ya ce a manyan harsuna ma haka wasu suke bari. Na ce manyan harsuna ba su da 'yan tsaki a ciki. In an kafe, an kafe har ciki.

Asabar, da hantsi

Ƙaramar 'yata ta ce ƙwai take so a soya mata. Na fasa ɗaya a kwano, na tsaya. Baban yara ya karɓi cokalin daga hannuna ya soya mata.

Na kira Yaya. Bai ɗauka ba.

Litinin, sha ɗaya na safe

Na bi da duk tsofaffin rubutun ta cikin sabon harshen. Allon ya cika da ja.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa `iyaka`. Na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wasu da gangan ne kuma da hujja: masu agwagi da masu talo-talo suna ɗan rage ta. Amma akwai guda shida da suka yi daidai abin da na zata, laima suke nufi suka taka zafi. Shida, kuma duk injinan suna aiki yanzu haka a gonakin mutane, ba abin da zai yanke musu wuta.

Na kai wa Manaja. Murna nake ko tsoro, ban sani ba. Duka biyun, ina jin.

Ya sa an kira masu kafa inji su bi gonakin shida yau ɗin nan su gyara. Wannan kam ya yi shi nan take, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ya ce a ce wa masu gonar duba na lokaci-lokaci ne.

Litinin, biyar na yamma

Lauya ya ce kada a fitar da sabon harshen kafin zama da mai gonar. Ya ce in muka fitar, kamar mun ɗaga hannu mun ce da can a karye yake.

Na ce ai a karye yake.

Ya ce, "Wannan maganar ta tsaya a ɗakin nan."

Manaja kuma nasa daban. Ya ce me zai hana inji ya yi gargaɗi kawai, ya karɓa? Masu kafa inji za su yi ta kira suna ƙorafi. Na ce ranka ya daɗe, gargaɗi nawa ke fitowa a allon injin yanzu, wa ke karantawa? Ya ce to a bar wata 'yar hanya ta baya, ta manya, saboda ranar matsuwa. Na ce hanyar baya in mutum biyu suka san ta, mako ɗaya kowa ya sani.

Ya ce, "Kin cika kafiya."

Dogo da ke bakin ƙofa ya ce ai sunan aikin ke nan. Ba wanda ya yi dariya.

Talata, takwas na safe

Masu agwagi suna da gaskiya, dole in ba su hanya. Abin da na yanke: inji zai zo da iyaka guda ga kowane irin ƙwai, duk a kafe. Mai kafa inji ya zaɓi iri, kaza ko agwagwa ko zabo, sau ɗaya a layin farko. Lambar kanta ba ya taɓa ta.

Talata, bayan azahar

Na tura wa Yaya saƙo: "Akwai mutum shida da suka yi irin naka. Ba kai kaɗai ba ne. Ka kwantar da hankalinka."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Laraba, tara na safe

Bai amsa ba.

Laraba, biyu na rana

Saƙon da inji zai nuna in ya ƙi karɓa. Na rubuta na goge har na gaji. "Kuskure a layi kaza" bai gaya wa mutum komai ba. "An hana" kamar faɗa. Na tuna yadda Yaya ke karanta allo, ya matso da fuska ya runtse ido ɗaya don ya ƙi sa tabarau. A ƙarshe na bar shi haka: "Layi na kaza: iyaka a kafe take don kare ƙwai. In laima kake nufi, ba ta wani suna."

Alhamis, sha biyu saura

Lauya ya turo mini rubutun gonar. Zaman jibi ne, yana so in duba in tabbatar masa da maganar laima, don ya san inda zai tsaya.

Ban buɗe ba tukuna. Zan sha ruwa.

Alhamis, sha biyu da rabi

Na buɗe.

Alhamis, huɗu na yamma

Dogo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce kaina ke ciwo.

Laimar na nan da sunanta daban, `laima_sama = 60`, tsaf, yadda na koya masa. Can ƙasa, layi na arba'in da ɗaya, `iyaka = 45`. A gefe ya bar bayani, yadda na sha roƙonsu su riƙa yi, shi kaɗai ne ma ke yi: "na wucin gadi, har a kawo sabon ma'auni."

Na karanta shi har haruffan suka daina zama kalmomi.

Alhamis, bakwai na yamma

Baban yara ya ce, "Me kika gani?" Na ce ban ce na ga komai ba. Ya ce tun da na shigo takalmina na ƙafata, ina zaune a bakin gado. Na gaya masa.

Sannan ya ce, "Lauyan ya iya karantawa?"

Na ce a'a.

"Dogo fa?"

Na ce ba a tura masa ba.

Bai ƙara ba. Ni ma ban ƙara ba. Amma mun san abin da muka tambayi juna, kuma na ji kunyar da muka tambaya.

Juma'a, shida na safe

Na san inda yake zuwa. Shagon abokinsa mai naɗin fanka, bayan tashar mota. Zan biya kafin ofis.

Juma'a, goma da rabi

Yana zaune a kan bokitin fenti da aka kife, yana kankare wayar tagulla. Ya rame. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, ya ce wa abokin nasa ya ba mu wuri.

Na ce, "Yaya, na ga layin."

Ya ce, "Na san za ki gani. Shi ya sa ban ɗauki wayarki ba. Kina ta nema mini mafita, ni kuwa na san babu."

Na ce me ya sa.

Ya ce ma'aunin zafin injin ne ya fara hauka. Yana zaune lafiya sai ya yi tsalle ya nuna arba'in da ɗaya, inji ya yanke wuta, jiniya ta tashi, ƙwai su fara hucewa. Ya auna da nasa na hannu, zafi daidai yake. Ya kira sito sau uku, suka ce kaya na hanya. Mai gonar ya tsaya a kansa yana cewa in ƙwan nan suka huce shi zai ɗauka. Ya ce, "Na ce kwana biyu ne, in ɗaga ta, a kawo ma'auni in mayar. Ban san hita zai maƙale a kunne ba. Wa ya sani?"

Na ce me ya hana ka kira ni.

Ya ce, "In kira ƙanwata in ce na kasa?"

Wata fanka na juyawa a kan tebur ba murfi, muka zuba mata ido.

Ya ce, "Gobe me za ki ce musu?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kin sani, Auta. Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba, kunnenki ke motsi." Ya so ya yi murmushi. Sannan ya ce, "Kar ki ɓata aikinki a kaina. Amma maganar sito, ki faɗa. Sau uku na kira."

Da zan tafi ya ce abin da nake ginawa, Dogo ya ba shi labari. Ya ce yana da kyau. Ya ce amma in sani, ranar da ma'auni ya sake hauka kuma mai gona na tsaye a kan mutum, in ba a kai masa sabo ba, zai zare wayar jiniyar ne da hannunsa. Na ce na ji.

Juma'a, biyar na yamma

Inna ta kira. Ta ce ta ji gobe ne. Ta ce ta gaya wa matar Yaya ta daina kumbure-kumbure, Auta ta gama komai.

Na ce Inna, ki yi mana addu'a dai.

Asabar, biyu na rana

An yi zaman.

Mai gonar dattijo ne, ba irin wanda na zana a raina ba. Hularsa a gwiwa. Ya ce shi ba rigima ya zo yi ba, so yake ya san abin da ya faru, don mutanen da suka yi odar 'yan tsaki har yau suna zuwa ƙofarsa. Ya ce da ya buɗe injin da safen nan wasu ƙwan sun riga sun fara tsagewa. Bai ƙarasa ba.

Lauya ya ce Injiniya za ta yi bayani, kuskuren suna ne, laima da zafi.

Na ce ba haka ba ne.

Na karanta layin kamar yadda yake, har da bayanin gefe. Na ce an ɗaga iyakar da sani, saboda ma'auni ya lalace, kuma an nemi sabo a sito sau uku ba a samu ba. Na ce harshenmu ya bar shi ya ɗaga, bai kamata ya bari ba, kuma akwai wasu injina shida da muka samu a buɗe, an gyara su ranar Litinin. Lauya ya taɓa hannun rigata. Na gama maganata.

Yaya na can ƙarshen tebur. Aka tambaye shi ko haka ne. Ya ce haka ne. Dattijon ya ce, "Ni ma na matsa masa. Ban san abin da nake roƙo ba."

Ban dubi Yaya ba. Shi ma ina jin bai dube ni ba.

Lahadi

Ban fita ba.

Litinin, tara da rabi na safe

Kamfani zai biya mai gonar. An sallami Yaya. Mai sito ya ce ba ya tuna wani kira, an bar shi a wurinsa. Ni an ba ni takardar jan kunne saboda na yi magana ba da izini ba. Manaja ya miƙo mini ita, a numfashi ɗaya ya ce tun da asiri ya riga ya tonu, a fitar da sabon harshen wannan makon, ba gargaɗi, ba hanyar baya, yadda nake so.

Na ce akwai sharaɗi. Kowane mai kafa inji ya riƙa yawo da ma'auni na ajiya a jakarsa. Ya ce an yi oda, suna hanya. Na ce wannan kalmar na taɓa jin ta. Ya ce in fita.

Direba ya kai wa Yaya jakarsa gida.

Litinin, shida na yamma

Inna ba ta kira ba. Ni na kira. Matar Yaya ta ɗauka ta ce tana barci. Inna ba ta barcin yamma.

Laraba, sha ɗaya na safe

An fitar. Injina na karɓar sabon harshen ɗaya bayan ɗaya. Kira ya fara shigowa, yawanci masu agwagi, Dogo na amsawa da haƙuri: zaɓi iri a layin farko, shi ke nan.

Na je gidan jiya. Inna ta amsa gaisuwa. Ta ce, "An ce ke kika karanta." Na ce ni ce. Ta ce, "Ba wani a ofishin da ya iya karatu sai ke?" Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Yaya ba ya nan.

Alhamis

Na kira shi. Bai ɗauka ba.

Asabar, uku na rana

Ina gida waya ta shigo. Gemu ne, ɗaya daga cikin masu kafa inji, yana wata gona can bayan gada, tafiyar awa biyu. Ma'auni ya fara tsalle. Inji na yanke wuta, jiniya na tashi, ina jin ta ta cikin wayar, ina jin wata mata kuma tana magana da ƙarfi a bayansa. Ƙwai cike da inji.

Ya ce, "Injiniya, na gwada ɗaga iyaka ya ƙi. Wai a kafe take. Ba ni yadda ake buɗewa."

Na ce ba a buɗewa.

"Ke kika rubuta shi, kin san hanya. Kwana biyu ne, har Litinin a kawo ma'auni."

Na ce babu hanya, Gemu, ban bar ko ɗaya ba.

Ya ce to shi zai zare wayar jiniya ya haɗa hita kai tsaye. Na ce in ka yi haka ba abin da zai tsaya tsakanin hita da ƙwan. Na ce ya rufe ramukan iska rabi, kada ya buɗe ƙofa, duk lokacin da inji ya yanke ya auna da na hannu ya sake kunnawa. Ya ba ni zuwa magariba.

Sito a kulle, mai sito ya kashe waya. Direba ya tafi da motar wani gari. Manaja ya ce in yi abin da na ga ya dace. Akwai ma'auni ɗaya mai kyau a duk inda na sani, na jikin injin gwaji a ofis, kuma Dogo na da makulli. Amma Dogo bai taɓa kwance ma'auni ba, ni ma haka, kuma ba mu da abin hawa.

Na daɗe ina kallon lambar Yaya a wayata.

Asabar, uku da rabi

Na tura saƙo maimakon kira: "Ma'auni ya lalace a gonar bayan gada. Gemu na can. Ƙwai cike. Na hana shi ɗaga iyaka."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira. Bai yi sallama ba.

"Wane inji ne, babba ko ƙarami?"

Na ce babba.

"Na injin gwaji zai shiga. Ki ce wa Dogo ya buɗe mini ofis. Ki ce wa Gemu kar ya taɓa wayar nan, in ya taɓa ni da shi ne."

Na ce Yaya, ka san ba za su biya ka ba, ba ma za su so su ji ka shiga ofis ba.

Ya ce, "Auta, kashe wayar, ina neman makullin babur."

Asabar, biyar da kwata

Dogo ya ce Yaya ya kwance ma'aunin cikin ɗan lokaci, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba, ya tafi. Mai gadi ya so ya hana shi shiga, Dogo ya ce baƙonsa ne.

Gemu ya kira sau biyu. Zafi ya ɗan sauka amma bai kai inda ake tsoro ba. Matar ta daina faɗa, yanzu tambaya take ko mai babur ɗin ya kusa.

Hadari ya haɗu ta wajen gada. Ina ta fita tsakar gida ina dubawa, kamar dubawar za ta hana shi.

Asabar, shida da rabi

Ba labari. Wayar Yaya na shiga ba a ɗauka. Na gaya wa kaina yana kan babur ne.

Asabar, bakwai da minti goma

Ya kira. Ina jin ruwa na dukan kwano a bayansa, ba jiniya.

Ya ce, "Talatin da bakwai da rabi. Ya zauna."

Na ce sannu, Yaya.

Ya ce ya gwada abin nawa da hannunsa, don ya gani. Ya rubuta arba'in da biyar, inji ya ƙi. Ya ce saƙon ya yi tsawo, kuma haruffan sun yi ƙanana, in ƙara musu girma. Na ce to.

Sannan ya ce ruwan ya yi yawa, a nan zai kwana, gobe da safe ya sake aunawa kafin ya taho.

"Ki je ki gaya wa Inna kar ta jira ni da abinci."

Na ce in kira ta?

Ya ce, "Ki je da ƙafarki. Ki ce ni na aiko ki."

Baban yara ya ɗauko lema. Zan tafi.